Thusis, Zango a Bakin Kwazazzabo

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Chur, babban birnin jihar Graubünden a gabashin Suwizalan, yana bin kogin Rhine har Reichenau, daga nan ya karkata kudu, cikin kimanin rabin sa'a ya isa Thusis. Gari ne ɗan ƙarami mai mutane 3,000 da 'yan kai, a tsayin kusan mita 700 daga doron teku, daidai inda kwarin Domleschg mai gonaki da kufan gidajen sarakuna ya ƙare, duwatsu suka haɗe suka bar wa kogi wata 'yar tsaga. Tsagar ita ce Viamala, kwazazzabon da zurfinsa ya kai mita 300 a wasu wurare, wanda duk mai son zuwa Italiya ta wannan ɓangare dole ya ratsa. Wanda ya sauka a tasha zai tarar da motocin bas masu launin rawaya a jere suna jiran jirgi, in kuma ya hau tudu ya shiga gari sai ya ga wani miƙaƙƙen titi mai faɗin da ya fi ƙarfin gari irin wannan. Titin da motocin duka suna da tarihi, kuma tarihin yana rushe wani zato da mutane suka daɗe da shi, cewa duk garin da babbar hanya ta bi ta ƙofarsa ya ci riba. Abin da Thusis ke nunawa shi ne gari yana samu ne daga inda matafiyi ya tsaya ya sauke kaya ya kwana. Duk lokacin da aka gyara hanya har ta kai mutum yana wucewa ba sai ya tsaya ba, arzikin yakan bi hanyar ya tafi gaba.

Sunan garin ya fara bayyana a rubuce a shekarar 1156, amma ƙarfinsa ya faro ne daga 1473. A wannan shekara mutanen Thusis da na ƙauyukan Masein da Cazis suka yi yarjejeniya da Jörg von Werdenberg-Sargans, mai sarautar yankin, cewa za su sassaƙe dutse su faɗaɗa turbar da ta ratsa Viamala yadda dabbar kaya za ta iya bi. Lissafi ne ya sa su. Bayan kwazazzabon akwai kwarin Schams, bayansa akwai Rheinwald, a can kuma hanya ta rabu biyu: ɗaya ta hau mashigin Splügen mai tsayin fiye da mita 2,100 ta gangara Chiavenna da tafkin Como zuwa Milan, ɗayar ta hau San Bernardino ta sauka Bellinzona. Kafin gyaran, yawancin kayan da ke tsakanin biranen kudancin Jamus da na arewacin Italiya suna bin mashigin Septimer ne ta gabas, hanyar da ke hannun bishop ɗin Chur. Da Viamala ta buɗe sai ciniki ya fara karkatowa nan. Yadin lilin da ƙarafa da shanu suka riƙa gangarawa kudu, siliki da auduga da shinkafa da hatsi da giyar inabi suna haurowa arewa, kowane kunshi kuma sai ya yada zango a Thusis, don babu mai hankalin da zai shiga kwazazzabon da yamma ta yi.

Yadda aka tsara ɗaukar kayan shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Ba a yarda ɗan kasuwa ya ɗora kayansa a kan alfadarinsa ya ratsa tsaunuka daga farko har ƙarshe yadda ya ga dama ba. An raba hanyar gunduwa-gunduwa a hannun ƙungiyoyin 'yan dako na ƙauyuka, waɗanda ake kira Porten, guda shida ne a wannan hanya, Thusis na da ɗaya daga ciki. Kowace ƙungiya tana da iyakarta. Kaya in sun iso iyaka sai a sauke su a sito, a auna, a rubuta, a biya, sannan mutanen ƙungiya ta gaba su ɗora wa nasu dabbobin. A cikin ƙungiyar ma layi ake bi, wanda juyi ya zo kansa shi zai ɗauka, don kada mai dawaki da yawa ya cinye rabon mai ɗaya. Galibin 'yan dakon manoma ne masu 'yan shanu, kuma kasuwarsu ta fi ci da hunturu, lokacin da gona ke ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ga shi ana iya jan kaya mai nauyi a kan katako mai zamewa fiye da abin da dabba za ta ɗauka a gadon baya. A madadin wannan gata, alhakin hanya na wuyansu: su ne masu gyara ta in ruwa ya cinye, su ne masu share ƙanƙara, su ne masu biyan diyya in kaya sun lalace a hannunsu. Saboda saukewar nan da ɗorawar, kuɗin kunshi ɗaya na siliki yakan bar ɗan wani abu a gidaje masu yawa kafin ya isa Milan ko Lindau a kudancin Jamus. Mai masauki ya samu, maƙerin da ke yi wa doki takalmi ya samu, badukun da ke ɗinka kayan ɗaurin dabba ya samu, haka mai sayar da ciyawa da mai gadin sito da magatakardan da ke riƙe da littafi.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan kama-karya ce aka yi mata suna mai daɗi, kuma yana da gaskiya mai yawa. Attajiran Chur da na Milan sun daɗe suna kuka da tsarin: kaya na kwana a sito suna jiran wanda juyi ya zo kansa ya gama yankan ciyawa, kunshi na fashewa saboda yawan juyi daga hannu zuwa hannu, gyaran hanyar da aka yi alkawari kuma sau da yawa a baki yake tsayawa. Shi ya sa aka samar da wata hanyar ɗaukar kaya kai tsaye ga mai gaggawa wanda zai iya biyan ƙari. Ba kuma za a ɓoye cewa mashigai sun jawo wa yankin bala'i ba. A ƙarni na 17 Sifaniya da Ostiriya a gefe guda, Faransa da Venis a ɗaya gefen, kowa na son mallakar hanyoyin nan don wucewar sojojinsa, suka raba kan mutanen ƙasar da kuɗi da addini. A Thusis ɗin nan aka kafa kotun 1618 wadda ta azabtar da limamin Katolika Nicolò Rusca har ya mutu. A watan Disamba na 1800 kuma Janar Macdonald ya ratsa da rundunar Faransa ta Splügen, ƙanƙara ta binne masa mutane da dabbobi. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba ya taɓa ainihin maganar. Ba cewa ake tsarin Porten ya fi sauri ko araha ba. Abin da ake cewa shi ne jinkirin da ɗan kasuwa ke gani asara, shi ne abincin mutanen kwarin, kuma duk wanda ya zo da niyyar kawar da jinkirin, ko ya sani ko bai sani ba, ya zo ne ya sake raba arziki.

An fara ganin haka tsakanin 1818 da 1823, lokacin da aka gina titin da keken doki zai iya bi daga Chur har ƙetaren tsaunuka. Masarautar Sardiniya ta zuba kuɗi a reshen San Bernardino don ciniki ya nufi tashar jiragen ruwanta ta Genoa, Ostiriya kuwa da ke mulkin Milan ta ga ba za ta zauna a bar ta a baya ba, ta biya aikin Splügen. Injiniya Giulio Pocobelli ne ya jagoranci aikin San Bernardino, tare da wani matashi ɗan yankin mai suna Richard La Nicca, kuma a bayan Thusis kaɗan suka huda dutse suka shigar da titin kai tsaye cikin kwazazzabon, maimakon kewayen da ake yi a da. Gadojin dutse biyu da Christian Wildener ya gina a 1738 da 1739 suka shiga cikin sabon titin, ɗayarsu tana nan har yau. Da keken kaya mai dawaki da yawa ya samu hanya, manomi mai alfadari ɗaya ya zama ba shi da wurin zama a harkar. Manyan kamfanonin jigila na Chur suka karɓe ragama, gatan Porten ya riƙa zaizayewa har aka soke shi baki ɗaya bayan tsakiyar ƙarnin. Ƙananan ƙauyuka ne suka fara jin jiki. Thusis ita kam kakarta ce ta yanke saƙa, domin har a lokacin a nan ake canja dawakin gidan waya, a nan fasinja ke cin abinci ya kwana. Ko gobarar da ta cinye mafi yawan garin a 1845 gaba ta kai shi: La Nicca ya zana sabuwar unguwa a kan miƙaƙƙen layi, aka bar titi mai faɗi don kekunan kaya su iya giftawa su kuma tsaya a ƙofar masauki. Titin da baƙo ke mamakin faɗinsa ke nan, Neudorfstrasse.

Bai yi shekara 40 yana aikin da aka gina shi dominsa ba. Jirgin ƙasa ya haye mashigin Brenner a Ostiriya a 1867, ramin Mont Cenis tsakanin Faransa da Italiya ya buɗe a 1871, sai kuma babbar mahangurɓa a 1882, ramin Gotthard mai tsawon kilomita 15 a tsakiyar Suwizalan. Mutanen Graubünden sun yi ta fafutuka a bi ta ƙasarsu, wasu na son Splügen, La Nicca na son mashigin Lukmanier, rabuwar kan da ta sauƙaƙa wa abokan hamayyarsu aiki. Da ɗan siyasa Alfred Escher na Zurich ya koma bayan Gotthard, Jamus da Italiya kuma suka sa kuɗinsu a can, magana ta ƙare. Kayan da ke ɗaukar kwanaki a kan tsauni suka koma ratsa shi ta ƙasa cikin ƙasa da sa'a ɗaya, a wani kwari dabam. Babu wanda ya rufe Viamala, babu wanda ya hana kowa bin ta, kawai dai ba a bukatarta. Bahaushe ya san irin wannan labari daga gida: da layin dogo ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuman da ke haye Sahara zuwa Tarabulus ya ƙarasa mutuwa, zangunan da ke cin abinci da shi suka bushe alhali rijiyoyinsu na nan da ruwa. Haka ƙauyukan Schams da Rheinwald suka ga matasansu na ficewa zuwa birane da ƙetaren teku.

Abin da ya biyo baya kamar an shirya shi ne don a gwada maganar sau biyu. Kamfanin jirgin ƙasa na jihar, Rhätische Bahn, wanda ya zaɓi siririn layi mai faɗin mita ɗaya don ya iya lanƙwasa a cikin duwatsu, ya iso Thusis a ranar 1 ga Yuli 1896, nan kuma layin ya ƙare. Shekara 7 garin yana ƙarshen dogo. Duk Baturen Ingila ko Bajamushen da ke son zuwa St. Moritz shan iska dole ya sauka nan da akwatunansa ya shiga keken doki, otal-otal suka cika, masu dawaki suka sake ganin kuɗi. A 1903 aka buɗe layin Albula, wanda daga Thusis ya juya gabas ya bar Viamala a gefe, ya bi gadoji 55 da ramuka 39, ciki har da doguwar gadar Landwasser mai tsayin mita 65 wadda ta lanƙwasa ta shige cikin bangon dutse, da ramin Albula mai kusan kilomita 6. A 1904 jirgi ya isa St. Moritz. Aiki ne da ya cancanci yabon da ake yi masa, kuma a 2008 hukumar UNESCO ta sa layin, daga Thusis har Tirano a Italiya, cikin kayan tarihin duniya. Amma ga mai otal a Neudorfstrasse ma'anarsa ita ce baƙon da a da yake kwana biyu yana leƙa kwazazzabo, yanzu ta taga yake hango garin na minti biyu.

Da wannan a zuciya ya kamata a karanta abin da aka fi yi wa Graubünden dariya a kansa. A shekarar 1900 gwamnatin jihar ta haramta mota a kan dukan titunanta, haramcin kuma bai tashi ba sai 1925, bayan an kai maganar gaban jama'a, wato mazan jihar, don mata ba su da ƙuri'a a lokacin, har sau 10. Akwai lokacin da mai mota in ya iso iyaka sai ya kashe inji a ɗaura wa motar dawaki su ja ta. Ana yawan ba da labarin a matsayin ƙauyancin mutanen dutse, amma hujjojinsu ba na wawaye ba ne. Titunan ƙunci ne da su, doki in ya firgita a bakin rami babu gyara, ƙura na lalata ciyawar shanu, kuɗin gyaran titi kuma daga aljihun ƙauyuka yake fita alhali motocin na attajiran waje ne. Bayan haka jihar ta riga ta zuba dukiyarta a layin dogo tun 1897, ba ta son abin da zai kashe shi yana jariri. Mutanen da suka ga ƙarshen alfadari da ƙarshen keken kaya a cikin rayuwar kakanninsu da iyayensu sun koyi tambayar wa zai ci riba kafin su ce marhaba. Sun yi kuskure wajen zaton za a iya tare abin har abada, kuma masu otal na kwarin Engadin, inda St. Moritz yake, da likitoci masu zuwa duba marasa lafiya a ƙauyuka sun sha wuyar taurin kan. Sai dai shekaru 25 ɗin sun ba layin dogo damar kafuwa, kuma shi ne yau kashin bayan yankin.

Ƙalubale mafi ƙarfi ga ra'ayin cewa gari daga tsayawar matafiyi yake samu shi ne babbar hanyar mota. A ranar 1 ga Disamba 1967 aka buɗe ramin San Bernardino mai tsawon kilomita 6.6, hanyar da yanzu ake kira A13 ta zama mai biyuwa rani da hunturu, zirga-zirgar Jamus da Italiya ta dawo kwarin bayan shekara 85. Mai musu zai ce to ga shi nan, hanya ta dawo, garin kuma bai mutu ba. Amma a duba yadda ta dawo. A13 ba ta shiga Thusis, ta gefe take bi, a Viamala kuma cikin ramuka da kan gadoji take wucewa, har direba na iya ratsa kwazazzabon da ya firgita mutane shekaru ɗaruruwa bai san ya ratsa ba. Motocin da ke bi a rana ɗaya ta hutun bazara sun ninka duk abin da 'yan Porten suka taɓa mafarki, abin da suke bari kuwa bai wuce kuɗin mai da kofin shayi a wurin hutawa na bakin hanya ba, sai ƙara da hayaƙi. Da gobara ta rufe ramin mota na Gotthard a watan Oktoba 2001 aka karkato da manyan motoci nan, mutanen kwarin ba murna suka yi ba, kuka suka yi. A ranakun cunkoso ma ƙauyuka roƙo suke a hana motoci sauka daga babbar hanya su bi ta cikinsu. Jikokin waɗanda suka sassaƙe dutse a 1473 don jawo matafiya, yau so suke matafiya su wuce da sauri.

To me ya riƙe garin? Wani ɓangare wutar lantarki ce: kamfanin da ya gina madatsun ruwan kogin Hinterrhein a wajajen 1960 a Thusis hedkwatarsa take, yana kuma biyan ƙauyuka kuɗin ruwansu. Amma mafi girma shi ne sufurin cikin gida, wanda ba ya shiga littattafan tarihi don babu siliki ko janar a cikinsa. Tun 1982 jiragen Suwizalan ke tafiya a kan jadawalin da ke maimaita kansa kowace sa'a, an kuma ɗaura motocin bas masu launin rawaya na gidan waya a kan wannan jadawali, yadda jirgi na tsayawa bas na tashi bayan 'yan mintoci. Daga Thusis motocin ke hawa ƙauyukan tudun Heinzenberg, su ratsa Viamala zuwa Zillis, inda cocin St. Martin ke da rufin katako mai zane 153 tun ƙarni na 12, su wuce Andeer da Splügen har Bellinzona. Daga Andeer wani reshe na hawa kwarin Avers har Juf, ƙauyen da ke tsayin mita 2,126 mai mutane 'yan ƙalilan, shi ma da motarsa a kan lokaci. Duk waɗannan mutane a Thusis suke canja mota, kuma wanda ya sauka yana da minti ashirin a hannu zai shiga kanti, ya je asibiti, ya biya banki, ya kai yaro makaranta. Tsayawar da ta ciyar da garin a zamanin alfadari ita ce dai ke ciyar da shi, sai dai yanzu masu tsayawar makwabta ne. Za a ce wannan wasan masu kuɗi ne, bas ɗin Juf ba ya mayar da kuɗin mansa, gwamnatin tarayya da ta jiha ne ke cike giɓin. Haka ne, ba ya mayarwa. Amma ramin San Bernardino ma ba direbobi ne suka haɗa kuɗi suka huda shi ba, haka ramin Gotthard na ƙasa mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016. Manyan hanyoyin nan da suka ratsa tsaunukan Alps duk da kuɗin hukuma aka yi su, tun daga Sardiniya da Ostiriya. Bambancin kawai shi ne wani tallafin mai wucewa yake yi wa aiki, wani kuma mazaunin wurin.

Tsohuwar turbar alfadarai ma an farfaɗo da ita. Tun 2001 akwai hanyar masu tafiya a ƙasa mai suna Via Spluga, kilomita 65 daga Thusis zuwa Chiavenna, wadda galibi ake yi cikin kwana 4, ana kwana a Andeer da Splügen da wani ƙauye a ɓangaren Italiya, masu otal kuma na aika jakunkunan baƙi daga masauki zuwa masauki. Kuɗin da ke shigowa ba shi da yawa in an gwada da na St. Moritz, kuma na 'yan watannin bazara ne, amma a cikin ƙauyukan yake zama, don mai tafiya a ƙasa ba shi da zaɓi sai ya yada zango inda ƙafarsa ta gaji. Barazanar da ke gaban garin yanzu daga cikin abin da ya cece shi take fitowa. Jirgin da ke sauke mutanen Heinzenberg a Thusis shi ne kuma ke kwasar mutanen Thusis zuwa Chur cikin rabin sa'a, inda kantuna suka fi girma, ayyukan ofis suka fi yawa, asibitin jiha yake. Duk mintin da aka rage a tsakanin garuruwan biyu yana sauƙaƙa wa ma'aikaci zama a Thusis da arahar haya, yana kuma sauƙaƙa masa yin cefanensa a Chur kafin ya shiga jirgin dawowa, masu shaguna a Neudorfstrasse kuma da wannan lissafi suke buɗe ƙofa kowace safiya.